Musa Jallo Guda Uku

A zuri'ar Alhaji Saleh ba a taɓa ba da 'ya ga mutumin da ba a san kakansa ba. Haka abin yake tun kafin a kafa Najeriya, haka kuma zai ci gaba ko bayan an naɗe ta.

Hujjar tana rataye a falonsa na unguwar Gudu a Abuja, cikin gilashi, tsakanin agogo da hoton ranar da ya zama darakta: sunaye goma sha huɗu, ɗaya bisa ɗaya, har zuwa wani bawan Allah da aka ce daga Gabas ya taso. Shida na ƙasa kowa a dangi ya san su. Takwas na sama Alhaji ya samo su ne bayan ya yi ritaya, lokacin da mutum yake samun sararin tuna abin da bai taɓa sani ba.

A ƙarƙashin wannan gilashi 'yarsa Kauthar take tsaye da safiyar Litinin, makullin mota a hannu. Ta makara zuwa aiki, ba ta kuma damu ba.

"Abba, shekara huɗu Nazeer yana zuwa gidan nan. Shi ya kai ka asibiti ranar da jininka ya hau. Sai yau ka tuna ba ka san shi ba?"

"Shi na san shi. Kakansa ne ban sani ba."

"Kakan zan aura?"

"Kakan za ki haifa," in ji Alhaji, ya juya shafin jarida.

Kauthar ta matse makullin har ya yi mata sawu a tafin hannu.

Nazeer injiniya ne a wata ma'aikatar tarayya, ba ya shan komai, ba ya fashin jam'i. Aibinsa ɗaya ne. Mahaifinsa, Uthman, ya rasu Nazeer yana ɗan shekara biyar, kuma mutum ne da bai taɓa yin maganar gida ba. Abin da ya bari shi ne abin da ya taɓa faɗa wa matarsa sau ɗaya: sunan ubansa Musa Jallo, mutumin ƙasar Gini ne, ya zauna a Jabi lokacin da Jabi take ƙauye.

"Ni ɗan boko ne, ba zan yi miki dole ba," Alhaji ya ci gaba. "Amma ranar Asabar iyayen Abdulmajeed za su zo, kuma zan saurare su. Idan zuwa Juma'a yaron nan bai nuna mini wane ne Musa Jallo ba, bakina ba zai ba shi ke ba. Ki zauna har ki yi furfura, gidan akwai ɗakuna."

Abdulmajeed ɗan tsohon babban sakatare ne. Tun kafin ya yi wa Kauthar sallama ta biyu ya turo wa Alhaji jerin kakanninsa ta waya, su goma sha bakwai. Fifikon ukun nan ya ɗan sosa wa Alhaji rai, amma ya ƙara wa yaron daraja a idonsa.

"Abdulmajeed bai san sunan ma'aikatar da nake aiki ba, Abba."

"Ya san sunan kakansa."

Ta fita. Ba ta buga ƙofar ba, saboda an yi mata tarbiyya. Ƙofar mota ce ta sha.

*

Ranar Talata ita da Nazeer suka ɗauki hutu a ofis suka fara daga tashar Jabi, tunda nan ne kaɗai wurin da sunan ya rage. Tsofaffin direbobin da ke zaune a inuwar wata tsohuwar bas suka saurare su da ladabi, suka kawo musu Musa Jallo mai faci da Musa Jallo kwandasta. Dukansu ba su kai Nazeer shekaru ba.

Wani ya ce su koma kasuwar Gudu, akwai tsohon tela ɗan Gini a layin masu ɗinki.

Suka same shi a bayan keke, tabarau a kan hanci, yana ɗinka wa wata riga aljihu.

"Baba, Musa Jallo muke nema," in ji Nazeer.

"Ga shi kun samu."

Tsohon ya dube su ta saman tabarau, ya ji bayani, ya girgiza kai.

"Ni a tamanin da huɗu na zo, da keken nan a ka. Ban haifi ubanka ba, da na sani. Yaro, a garinmu Labe idan ka tsaya a ƙofar masallaci ka kira Musa Jallo, rabin sahu ne zai waiwayo. Sauran rabin kuma 'ya'yansu ne."

Kauthar ba ta yi dariya ba.

"Amma kafin ni an yi biyu a tsohuwar Jabi," ya ce, yana cizon zare. "Na ji labarinsu a bakin mutanenmu. Ɗaya malami ne, masanin littattafai, ya taso a ƙafa za shi Makka, ya yada zango shekara kaɗan, ya wuce. Ɗayan kuma kiwon shanun mutane yake yi. Ba shi da ko maraƙi."

"Wanne ne ya haifi ɗa mai suna Uthman?"

"Wannan sai mutanen ƙauyen. An tashe su tun da daɗewa, an kai su Kubwa. Ku nemi tsofaffin Gbagyi, wato Gwarawa."

A mota Kauthar ta ce, "Malamin ne. Ina ji a jikina."

Nazeer ya duba hanyar Kubwa a waya. Shi injiniya ne, bai yarda da jikin kowa ba.

*

Laraba da hantsi, bayan gosulo da tambaya a gida shida a Kubwa, aka nuna musu wani ƙaramin gida mai katangar langa-langa. A tsakar gidan wata tsohuwa tana ɓarar gyaɗa, da ƙaramin gicciye na katako a wuyanta. Sunanta Hannah. Hausarta irin ta kasuwa ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Yarinya, ka zauna. Wane Musa kuna nema?"

"Wanda ya haifi Uthman," in ji Nazeer.

Hannunta ya tsaya a cikin tiren gyaɗar.

"Usumanu," ta ce a hankali. "Yana da tabon wuta a bayan hannun hagu. Daga nan zuwa nan."

Nazeer ya ciro hoton da yake yawo da shi a aljihu. Mutum ne cikin kwat, ya ɗora hannun hagu a kan tebur. Tabon yana nan, daga wuyan hannu zuwa gindin ɗan yatsa.

"Tukunyar kunu ce," in ji tsohuwar. "Ni na bar shi kusa da murhu na je ɗebo ruwa. Yana ina?"

Ta dube su, ta gane, ta ajiye tiren a ƙasa kamar abin da zai fashe.

Labarin bai da tsawo. Musa makiyayi mijinta ne. Ya zo da sanda da buta, ubanta ya ba shi wurin kwana, daga baya ya ba shi ita. Shi yana sallarsa, ita tana zuwa cocinta. Ta haifa masa Usumanu. Maciji ya sare Musa a bakin rafi ya rasu, yaron yana da shekara takwas. Bayan kwana arba'in wasu 'yan ƙasarsu suka zo daga Suleja suka ce ɗan Musulmi ba zai tashi a gidan nan ba, suka tafi da shi.

"Sau uku na je Suleja da ƙafa. Na uku suka ce an kai shi Zariya makaranta. Ranar da gwamnati ya tashe mu, na ƙi shiga mota, sai da aka ɗaga ni aka saka. Na ce idan ya dawo, ina zai same ni?"

Nazeer ya durƙusa a gabanta. Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana juya ta, tana duba kunnuwa, tana duba goshi, tana magana da Gbagyi, ba ta damu ko yana ji ba.

"Kaka," ya ce.

Kauthar ma ta yi kuka, na gaskiya. Sai dai a ƙarƙashin kukan tana jin muryar Abba yana cewa makiyayin haya, yana cewa Bagwariya, yana cewa coci, yana cire tabarau yana gogewa kamar yadda yake yi idan zai rufe fayil.

Tsohuwar ta tashi ta ce ba za su tafi ba su ci komai ba, ta zagaya baya kama kaza. Kauthar ta ja hannun rigar Nazeer zuwa wajen katanga, inda suka ajiye mota.

"Me za ka faɗa wa Abba?"

"Abin da muka ji."

"Nazeer, su biyu ne. Biyu. Sunansu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, ƙauyensu ɗaya. Malamin ya wuce Gabas, ba wanda zai zo ya ƙaryata ka."

"Ita fa?"

"Ban ce ka yar da ita ba. Ka zo kullum, ka gina mata gida, ni da kaina zan riƙa kawo mata magani. Bayan an ɗaura. Kwana biyu kawai nake roƙon ka."

"Kwana biyu ba ni da kaka, ranar Asabar in sake samun ta? Shekara hamsin tana jiran mutum ya shigo ta ƙofar nan, Kauthar. Na shigo yau, jibi in ce na yi ɓatan hanya?"

"To ni fa?" Hawaye suna zubo mata, ba ta share ba. "Ni ban jira ba? Ka san mutum nawa na kora saboda kai? Ka san abin da nake sha a gidanmu, kowace safiya ana karanta mini sunayen matattu kamar jadawalin albashi? Ƙannena biyu sun yi aure, a kowane biki sai wata gwaggo ta dafa ni ta ce Allah ya kawo nawa. Na haƙura, na ce Nazeer yana nan. Yau Nazeer ya samu gaskiya, ya fi ƙarfin kowa."

"Kada ki yi mini haka."

"Kai ka yi mini. Awa ɗaya ka san ta. Ni shekara huɗu."

"Uwar ubana ce."

"Ni kuma ba kowa ba ce. Na ji. Ka je ka faɗa masa, ka ga ko zai bari ka gama jimlar. Ranar Asabar ka zo ka taya su sauke goro daga motar su Abdulmajeed, tunda kai mutumin kirki ne."

"Idan mahaifinki ba zai karɓe ni da kakata ba, to ba ni yake so ya karɓa ba."

"Ba shi zai rasa ka ba, Nazeer. Ni ce. Shi barcinsa zai yi."

Ya jingina da mota ya rufe ido. A bayan langa-langar, wadda ba ta tare magana, kazar da take ta kuka ɗazu ta yi shiru, an kuma daɗe ba a ji motsin kowa ba.

Suka ci abincin. Tsohuwar ta zuba wa Nazeer cinya biyu, ta zauna tana kallon yadda yake tauna. Da za su tafi ta ce wa Kauthar, "Babanka babban mutum ne, ko? Ka kawo shi. In zai ji, ya ji a bakina."

*

Alhaji ya amince ya je da kansa, domin bincike ba abin da ake wakilta ba ne. Ranar Juma'a da safe ya sa babbar riga mai aska takwas don zuwa gidan da bai kai garejinsa girma ba. Kauthar ce ta tuƙa, saboda ita ta san hanya. Tun Laraba ita da Nazeer ba su yi magana ba. Sun same shi a ƙofar gidan, fuskarsa irin ta wanda ya riga ya yanke shawara.

An share tsakar gidan. An jera fararen kujerun roba huɗu, da sunan coci a bayansu. Alhaji ya karanta sunan, ya zauna a bakin kujerar kawai.

"Baiwar Allah, an ce kin san Musa Jallo."

"Na san su duka biyu, Oga."

"Abba," in ji Nazeer, "kafin ta fara, akwai abin da ya kamata in..."

"Yaro, manya suna magana," tsohuwar ta katse shi, ba ta ko dube shi ba. "Oga, Musa na shanu mijina ne. Allah bai ba mu haihuwa ba."

Kauthar ta ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashin kujerarta.

"Musa na littafi, shi malam ne. Har daga Suleja ana zuwa karatu wurinsa. Matarsa 'yar ƙasarsu ne, fari, dogo, ya mutu wurin haihuwa. Malam ya rasa yadda zai yi da jariri, ya kawo mini. Ni na goya Usumanu. Da malam zai wuce Makka ya ce hanya ba na yaro ba ne, ya bar shi. Daga baya mutanensu suka zo suka karɓi abinsu."

"Ke raino kika yi ke nan."

"Raino, Oga."

"Kaka," in ji Nazeer. Ya miƙe tsaye.

"Duk yaran unguwa haka suna kira na." Sai a lokacin ta juyo ta dube shi. Ba roƙo a idon, umarni ne, irin na uwar da ɗanta yake shirin taka wuta. "Zauna. Kai ba ka nan lokacin. Ni ina nan."

Nazeer ya juya ya dubi Kauthar. Ita ma ta ji labarin tukunyar kunu. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa.

Kauthar ta dubi makullin motar da ke cinyarta.

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya zauna.

"Alhamdulillahi," in ji Alhaji, ya gyara zama har bayansa ya taɓa sunan cocin. "Ai ni tun ranar da na fara ganin yaron nan na ga alamar gidan ilimi a goshinsa. Jini ba ya ɓuya. Malami, mahajjaci a ƙafa. Irin mutanenmu ne." Ya juya ga Nazeer. "Ka ce wa mahaifiyarka ta turo magabata gobe. Zan kira mahaifin Abdulmajeed in ba shi haƙuri."

Shekara huɗu Kauthar tana jiran wannan jimla. Ta zo, ta sauka a kanta kamar jiƙaƙƙen bargo. Ta nemi wanda za ta yi fushi da shi. Ta dubi Abba, yana murmushi. Ta dubi Nazeer, yana kallon ƙasa, jijiyar wuyansa ta tashi. Fushin ya zagaya tsakar gidan bai samu wurin zama ba, ya dawo inda ya fito.

"Ke kuma, baiwar Allah, Allah ya saka miki," Alhaji ya ƙara da karamci. "Ranar biki za a turo mota a ɗauke ki. Mai raino ma tana da hakki."

"Na gode, Oga. Ƙafa ba ya zuwa nesa yanzu."

Suna miƙewa sai ƙofar langa-langar ta buɗe. Wata maƙwabciya ce mai suna Mabel, da daron doya a kafaɗa, tana haki da fara'a.

"Mama Hannah, sun zo? Wanne ne jikan naki? Matan zumunta sun ce in tambaya mutum nawa za a dafa wa ranar Lahadi, har fasto ya ce zai..."

Alhaji ya tsaya da gyaran hula.

"Ba jika," in ji tsohuwar, muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Ɗan yaron da na goya ne. Tsufa ya sa na yi ta surutu. Ka gaya musu kada su dafa komai. Ka ba fasto haƙuri."

Mabel ta dubi Nazeer, ta dubi kunnuwansa, ta dubi na tsohuwar. Ta juya da doyarta ta fita.

"Tsufa ke nan," in ji Alhaji cikin tausayi. "Mu je, kada mu rasa sahun gaba."

Nazeer ya ce shi zai biyo su daga baya. Tsohuwar ta ce a'a, ya bi surukinsa, ba kyau babba ya tafi masallaci shi kaɗai. Ta raka su har bakin mota, ta yi wa Alhaji fatan sauka lafiya, ta yi wa Kauthar ma. Nazeer kuwa ba ta taɓa shi ba.

Kauthar ta tayar da mota. Layin ya ƙuntata, sai da ta yi baya sau biyu kafin ta juya. A madubi ta ga tsohuwar ta fito da kujerun nan huɗu a haɗe, ta ɗora su a kafaɗa, ta kama hanyar mayar da su.